Manzo Mai Karta da Ƙanensa

Manzo mutumin Kurfai ne. Ya yi wa sojan Faransa dako, a can ya koyi karta, ya dawo yana cin abinci da caca a kasuwar Filinge.

Shekarar da fara ta cinye gero, ƙanensa Tahiru ya zo da kuɗin akuyarsa ta ƙarshe.

"Yaya, kwana biyu yara ba su ci komai ba. Bar ni in gwada."

Manzo ya ce, "In mutum goma suka zauna nan, tara hannu wofi suke tashi. Je ka sayi hatsi."

Tahiru ya wuce wurin wani ɗan caca. Kafin la'asar ya rasa komai. Manzo ya tarar da shi yana kuka, ya kama hannunsa, suka tafi roƙon dusa.