Malam Ilu da Gilashin Marigayi Labaran

Duk wanda ya yi firamare a Dutsin-Ma a shekarun tamanin, yana da hoto guda a gida da yake tsaye ƙiƙam kamar an kama shi da akuyar maƙwabta. Malam Ilu Mai Hoto ne ya ɗauka. Ba ya yarda a yi murmushi sai da izininsa, shi kuwa bai cika bayarwa ba.

Da wayoyi suka zo, har masu auna wake a Karofi suka zama masu hoto, sai Malam Ilu ya rufe ɗakin wankin hoto, amma bai rufe shago ba. Ya koma gyaran tsofaffin gilasan kyamara, waɗannan na ƙarfe masu nauyi da ake murzawa a gabanta. Masu ɗaukar biki daga Katsina da Funtuwa ke aiko masa. Taƙamarsa ɗaya ce: shekara arba'in gilashi bai taɓa lalacewa a hannunsa ba. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, tun azumin bara hannunsa na dama ya fara rawa. Matarsa kaɗai ta gane, ita ma daga kokon da ke zuba a rigarsa.

Wata Talata cikin marka, wata mata ta sauka daga motar Kurfi ta yi sallama. Jannat ce, ungozoma, ɗiyar marigayi Labaran Mai Hoto, wanda suka shekara talatin shi da Malam Ilu suna takara a kan hoton 'yan makaranta. Malam Ilu yakan ce Labaran na yanke wa mutane ƙafa. Labaran yakan ce mutanen Ilu duk kamar fursunoni suke.

"Baba, abu na kawo maka, kuma Asabar nake so."

Ta yi bayani. Tun rasuwar Labaran, shekara goma sha ɗaya, mahaifiyarta Hajiya Murja ba ta ƙara yarda an ɗauke ta hoto ba. Asabar za a yi sunan tattaɓa-kunnenta na fari, da ƙyar ta ce za ta zauna, amma fa sai da gilashin mijinta. Tsohuwar kyamarar ta mutu, sai dai a ɗaura shi a ta zamani.

Ta miƙo wani ƙunshi na jar fata, an ɗinke shi tsaf kamar babbar laya.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Badukun Tamawa. Inna ta ce kayan Malam ba a barinsu a wulaƙance. A ƙasan adaka yake, har turare take sa masa."

"Ɗiyar Labaran, girmamawa ta kashe shi. Fata da duhu da damina, ai kun yi wa fumfuna shimfiɗa kun kawo mata ruwan sha."

Ya farke ɗinkin. Tun kafin ya karanta rubutun da ke bakin zoben, ya jinjina shi a tafi, ya murza, ya ji yadda yake tafiya a hankali. "Ɗan Rasha ne, mai lamba hamsin da takwas. A Kano ya saye shi don kawai ya ba ni haushi, kuma ya ba ni." Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Can ciki farar saƙa ce kamar ta gizo, ta rufe rabin gilashin.

Jannat ta kama gefen mayafinta za ta goge.

"Kul! Da bakin zane kuke rarake gilashi, ku da masu babbar riga. Ciwon ma a ciki yake."

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera auduga, da sifirit na kemis, da robar hura iska, da guntun tiyub na babur da yake kama zobe da shi. Zoben gaba ya kwance lafiya. Da aka zo kan ƙananan sukurori uku, kowane bai kai ƙwayar gero ba, sai bakin sukundireba ya shiga rawa a saman gilashin. Zamewa ɗaya, shi ke nan, tabon har abada. Ya janye hannu, ya yi gyaran murya, ya sake kai shi. Rawar ta ƙaru.

Jannat ta gani, ta kawar da kai tana kallon bango.

Malam Ilu ya ajiye sukundireba. Can ya ce, "Ke da kike ɗinke masu haihuwa, hannunki yana rawa?"

"Ba ya yi, Baba."

"To wanke shi. Tunda ubanki bai koya miki komai ba, bari in rufa masa asiri."

Haka suka yi har la'asar, shi da baki, ita da yatsu. Ya sa ta zana alama da fensir don kada gilashi ya koma a juye. Ta fara hurawa, sannan auduga, daga tsakiya zuwa gefe, kowace auduga shafa ɗaya a yar. Sau uku yana cewa a sake. Washegari da rana ta leƙo suka shanya sassan, suka mayar, ya ɗaura zoben da zai haɗa shi da sabuwar kyamara. Ya ba ta kwalba mai murfi da 'yan ƙullin shan danshi na cikin kwalin takalmi, ya ce nan ne sabon gidansa.

Ranar Asabar da kansa ya je Kurfi, ya kafa kyamarar a kan ƙafa uku. Hajiya Murja ta fito da jinjiri a hannu, ta matso ta leƙa gilashin, tas kamar ruwan randa.

"Shi ne," ta ce. "Wa ya wanke?"

"Baba Ilu ne, Inna."

"Ni da ɗiyarki," in ji Malam Ilu. "Hannuna ya tsufa, Hajiya, nata na ara."

"Ai marigayi Malam ya sha faɗa, in gilashin nan ya samu matsala a kai wa Ilu, ko da ana cikin faɗa."

Malam Ilu ya duƙa bayan kyamara, ya ɗan jima bai ɗago ba.

"Allah Ya ji ƙansa, ashe yakan faɗi gaskiya. Zauna nan, Hajiya, ki ɗan ɗaga yaron."

Ta zauna.