Hannun Saude da rim ɗin Baba

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, Baba ya shigo gida, mai faci na biye da shi yana tura baro da rim huɗu na motarsa, wato ƙarafan da ake saka wa taya. Aka jera su a gindin mangwaron tsakar gida, an cire musu taya. Baba fataucin hatsi yake yi, kuma motar ta sha lakar hanyar Randagi da Dogon Dawa har rim ɗin nan na alminiyam, da a da suke ɗaukar ido, suka yi dabbare-dabbare da farin tabo kamar kan yaro mai makero. Malam Ishaya mai fentin mota ya ce ba zai fesa musu komai ba sai an kankare su tas, Baba kuwa ya ce ai yana da masu wanke tukunya a gida. Ya ba ni biyu, ya ba Saude biyu, ya haɗa mana da sanfefa. Ya ce wadda nata suka fi santsi ita za ta zaɓi launin fenti, kuma ita ce a gidan gaba ranar da motar za ta fara fita.

Saude ɗiyar ƙanen Baba ce, sa'ata. An kawo ta daga Kakangi bayan rasuwar mahaifinta, da ɗan ƙullin kayanta a ɗankwali. Kawunta na can bai so tahowarta ba, domin matarsa na bukatar mai taya ta aikin gona, amma Baba ya ce yarinyar za ta yi karatu a hannunsa muddin ba ta ba shi ciwon kai ba. Kowa a gidan ya san wannan sharaɗi, ita ma ta sani, shi ya sa take tafiya a tsakar gida kamar mai tsoron taka ƙwai. Ni kuwa na tsane ta, ba na ɓoyewa. Kafin in gama miƙa da safe ta share tsakar gida, ta ja ruwa a rijiya ta cika randa. Idan muka zauna ɓarar gyaɗa kwanonta ke fara cika, idan surfe ne ni ke fara ajiye taɓarya. A makaranta ma ba ta bar ni ba, wata uku da zuwanta ta wuce ni a lissafi, kuma ko a carafke da 'yar gala-gala sai ta cinye ni. Ni na koya wa 'yan ajinmu kiranta "'yar daji", ni nake kwaikwayon maganarta a bakin famfo ana shewa. Duk da haka kalmar da nake ji kullum daga bakin Baba guda ce: "Binta, dubi 'yar'uwarki."

Kwana uku muka yi muna aikin, daga mun dawo makaranta har lokacin Islamiyya. Malam Ishaya ya nuna mana yadda ake yi. A fara da sanfefa mai kaushi a ci tsohon fenti da tabon, sannan a koma mai laushi ana jiƙawa da ruwa, a bi kowane lungu, har a shafa da tafin hannu a ji babu inda ya kama. Ni dai gaban kawai nake gogewa, inda ido ke gani. Saude kuwa sai ta naɗa sanfefa a jikin tsinken rake ta riƙa zura shi cikin ramukan noti, tana yi tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. A rana ta biyu Baba ya tsuguna ya shafa nata, ya shafa nawa, sannan ya kalle ni. Na ji Saude tana gaya wa Umma cewa ita ruwan azurfa za ta zaɓa, don motar ta koma yadda aka saye ta. Ni ruwan gwal nake so, amma ba launin ne ya fi ci mini rai ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce duk unguwa ta ga 'yar daji a gidan gaba, ni ina baya.

Umma tana yin sabulun wanki na sayarwa, kuma tun ina ƙarama na haddace gargaɗinta: "Kada wadda ta kusantar mini da soda wajen tukunyar alminiyam, cinye ta take yi." Na san inda gwangwanin yake, a saman katanga cikin ɗakin ajiya. Ranar Laraba muka jiƙa rim na ƙarshe kowa a bahonta da garin sabulu, muka shiga yin sallar azahar. Na riga ta sallamewa, na fito, na juye kusan rabin gwangwani a bahonta, na koma na zauna ina jan carbin Umma. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai.

Da muka fito ruwan bahonta yana tafasa shi kaɗai, yana wani irin tsuwa. Saude ba ta tsaya tunani ba, ta tsoma hannu biyu har gwiwar hannu ta kinkimo rim ɗin. Ya fito baƙi-baƙi, fuskar da ta kwana uku tana gogewa ta zama duk ƙananan ramuka. Ta riƙa murza shi da tafin hannu ko zai fita, tana kuka, ba don hannun ba, don rim ɗin. Baba ya dawo ya tarar da haka, Umma ta ɗauko gwangwani ta ga ya yi ƙasa. Kafin a tambaye ni na ce na ga Saude ta shiga ɗakin ajiya. Shi ke nan magana ta ƙare: ta saci soda ne don nata ya fi nawa haske ba tare da wahala ba. Baba ya karyo tsumagiya a jikin darbejiyar ƙofar gida ya zane ta, yana cewa ɓarnar rim ba ta dame shi kamar ha'incin ba. Ba ta musa ba. Sai da la'asar ta wuce Umma ta lura fatar hannunta tana saɓulewa, aka kai ta kemis. Ni kuwa ina gindin mangwaro ina goge nawa, kuma gaskiya daɗi nake ji.

Malam Ishaya ya juya rim ɗin a hannunsa ya ce, "Alhaji, zan cike ramukan, fenti zai rufe. Amma yarinyar nan da ta goge bayan wannan, ta iya aiki." Baba ya yi kamar bai ji ba. Aka kawo mini marafan gwangwani huɗu, kowanne da ɗigon launi a kai, na nuna ruwan gwal da yatsa ina washe baki. Bayan mako guda motar ta fito, yaran unguwa suna bin ta da gudu. Fitarta ta farko Kakangi muka nufa, domin Baba ya aika wa kawun Saude cewa za a mayar masa da ita, yarinya ta fi ƙarfin gidanmu. Ina gaba na sauke gilashi ina ɗaga wa ƙawayena hannu. Tana baya, hannayenta a naɗe da bandeji a kan cinya, kayan makarantarta kuwa an bar su a gida saboda sun yi mini daidai.

Daga nan karatunta ya tsaya. Shekaru suka wuce, hanyar Kakangi ta zama wadda ba a bi sai dole, an daɗe da sayar da motar, an sare mangwaron an yi ɗakuna a wurin. Yanzu a Kaduna nake koyarwa, kuma na ga yadda ake gyaran rim a can: inji ne ke kankarewa cikin ɗan lokaci, mai mota ya zaɓi launi a waya, babu hannun yaron da ke taɓawa. Nakan yi kewar tsakar gidan nan da hayaniyarsa, amma ba na iya tuna shi da daɗi har ƙarshe. Bara na je gida na tarar da Saude tana suyar awara kusa da tasha, sun taso daga ƙauye ita da 'ya'yanta uku. Ta tarbe ni da fara'a, ta zuba mini awara ta ƙi karɓar komai. Na daɗe ina kame-kame kafin na ce mata akwai maganar da nake so in faɗa tun muna yara. Ba ta ɗago daga kaskon ba ta ce, "Ta soda? Ai ta taga na gan ki, ina zaune ina tahiya." Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Sai ta ce, "Binta, a gidanku wa zai yarda da ni?"

Baba yana nan da ransa, ya tsufa, har yau idan an ambace ta yakan girgiza kai ya ce yarinya ce mai ƙoƙari amma ba ta da gaskiya. Kullum na je gaishe shi da niyyar faɗa masa nake shiga, kuma kullum haka nake fitowa.