Faifan Inna Zainabu

Inna Zainabu mutuniyar Tsafe ce, gajera, mai tafiya a hankali saboda ciwon gwiwa. Mijinta direban bas ne da ya rasu a hatsari kan hanyar Funtuwa, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da shara ta fara a jami'ar da na yi karatu a Gusau, daga baya aka ba ta kula da ɗakunan kwanan 'yan mata. Ba ta iya boko ba, sa hannu ma da ɗan yatsa take yi.

Makaranta tana da kwamitin ladabtarwa, amma kowa ya san idan sunanka ya shiga fayil ɗinsu, zai bi ka har ranar da za ka karɓi takardar gamawa. Shi ya sa in an yi faɗa kan layin famfo, ko caja, ko saurayi, sai a nufi ɗan ɗakin Inna da ke bakin ƙofa. Ita kuwa ba ta tambayar wa ya fara. Shinkafar gida take zubawa a faifai, ta ajiye tsakanin masu rigima, ta ce su tsince mata tsakuwa. A ganinta, mutum ya fi faɗin gaskiya idan kansa yana sunkuye. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma kullum sai ta maimaita: "Abin da anka faɗi bisa faifan ga, nan shika ƙarewa." Malamai sun sha bugun cikinta, ba su taɓa samun komai ba.

Ni Mansura, ni ce na mayar mata da wannan sharaɗi abin baƙin ciki.

A aji biyu ɗakinmu ɗaya da Balkisu, Bafulatana daga wata ruga a bayan Bungudu, mace ta farko a danginsu da ta shiga jami'a. Tukunya ɗaya muke ci. Wani ƙarshen mako na kai ta gidanmu, har muka raka Baba gonarsa a Wanke. Bayan sati uku 'yan bindiga suka ɗauke shi a wannan gonar.

Hankalina ya gushe. A bakin famfo, gaban mutane kusan ashirin, na nuna ta na ce ita ta ba da labarinsa. Ban da wata hujja sai cewa ita Bafulatana ce kuma ta ga hanyar gonar. Kafin azahar an rubuta "infoma" da gawayi a ƙofarmu. Idan ta ajiye bokiti, sai a janye nasu. Idan ta shiga aji, benci ya zama nata ita kaɗai.

Inna ta zaunar da mu sau biyu. Balkisu tana tsinta tana hawaye, ni kuwa na harɗe hannu na ƙi taɓa shinkafar.

Bayan kwana arba'in aka sako Baba, ya dawo a rame, ba ya son hayaniya. Da na je gida, mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta gaya mini abin da Baba ya ji da kunnensa a daji. Sahabi ne ya ba da labarinsa, ɗan ƙanen Baba, wanda ya tashi a tsakar gidanmu. Manya sun yanke shawarar binne maganar, don in ta fita 'yan sa-kai ba za su bar shi da rai ba, zumunci kuma ya watse. Ta sa na yi rantsuwa.

Na koma makaranta abin yana cina. Wata Laraba da hantsi na shiga wurin Inna ni kaɗai, na jawo faifan da kaina, na faɗa mata duka.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ba sai kin kira sunan kowa ba. Ki koma bakin famfon nan inda kinka faɗi, ki ce kin yi kuskure."

Na ce, "Za su tambaye ni yadda na sani, Inna."

"To ki ba ni izini in faɗi."

Na ce a'a. Tsoro ne, da kunya, da girman kai irin na banza. Sau huɗu ta same ni a wannan zangon, sau huɗu ina ce mata sai an gama jarabawa.

Balkisu ba ta kai jarabawar ba. Ranar da ta ɗaure kayanta, Inna ta rako ta bakin titi tana ɗingishi, ni ina laɓe a bayan shagon hoto ina jin su.

Balkisu ta ce, "Inna, ke ma kin yarda ni ce?"

"Ba ke ba ce. Na sani."

"To ki gaya musu."

Inna ta sunkuyar da kai. Balkisu ta jira ta, ta ƙara jira, sannan ta hau mashin.

Daga nan mata suka ci gaba da zuwa wurin Inna, tana sulhunta su kamar da, amma ta daina zolayar da take yi mana. Da gwiwar ta matsa mata, ta ajiye aiki ta koma Tsafe.

Bara na je gaishe ta. Na tarar da ita a zaure da faifan a cinya, idonta ya yi rauni, da laluben yatsa take gane tsakuwa. Na durƙusa na ce, "Inna, na ba ki izini. Ni ma zan faɗa."

Ta ce, "Sau biyu ni tafi Bungudu nemanta. Rugarsu ta tashi, ba wanda ya san inda sunka nufa." Ta turo mini faifan. "Wa za mu gaya ma yanzu?"

Na sa hannu na fara tsinta.