Garkuwar da Ta Koma Abin Hari

A barandar abokina a unguwar Damilu cikin Jimeta aka laƙaba mini Modibbo, wato babban malami da Fulatanci, kuma ba don girmamawa ba. Ni malamin Turanci ne, haifaffen cikin garin Yola. Shi ma'aikacin sakatariya ne, mutumin wajen Numan, dattijo a cocinsu. Duk Asabar bayan la'asar mukan baza allon sikirabul, wasan nan da ake jera haruffa a haɗa kalmomin Turanci, kowa na neman maki.

Shi dai makin yake nema. Ni kuwa na kamu da son kalmomin da Turawan kansu suka manta, musamman na garkuwa. Ban taɓa riƙe garkuwa ba, ko ɓera ya shigo ɗaki uwargida nake kira. Amma na san pavise, doguwar garkuwar da maharbi ke laɓewa a bayanta, wadda aka ce daga wani gari a Italiya ta samo suna. Na san umbo, ƙullutun ƙarfen da ke tsakiyar garkuwa. In na ajiye irinsu sai na gyara hula na yi bayanin asali. Kafin in gama ya ci wasa.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, Jimeta ta cika da mutane. Gidan abokina ya karɓi ƙanin matarsa, malamin firamare, da iyalinsa. Sun yi kwanaki a daji kafin su samu mota. Mutumin yakan fito ya zauna a gefenmu a kan benci, ya amsa gaisuwa da kai, shi ke nan. Matar gidan ta ce ko a ciki haka yake.

Wata Asabar haruffa suka zo mini yadda nake so, na jera targe.

"Modibbo, babu wannan kalma," in ji abokina. "Ka manta wutsiyansa."

Abin da nake jira ke nan. Na jawo ƙamus na buɗe masa, na ɗora da karatu. Na ce targe tsohuwar garkuwa ce mai zagaye, ta Faransanci ta biyo ta shigo Turanci. Ƙaramarta ake kira target. Masu koyon harbi sukan rataye ta su auna, har sunan ya bar abin kariya ya koma kan abin da ake hari.

"Wato in an ƙara T ya zama kalma?" in ji abokina.

"Ƙwarai kuwa," na ce, ina ta murna na samu ɗalibi.

Sai muka ji murya daga kan benci.

"Ni ma na yi garkuwa."

Muka juya. Baƙon bai kalle mu ba, allon yake kallo. Ya ce ranar da suka gudu, matarsa ta ɗauki goyo, shi ya kama hannun babbar 'yarsu, ya waiga ya ga ba abin da ya ɗauka. Sai ya fizgi tiren silba da ke jingine a bakin madafa. Da harbi ya yi ƙarfi ya kifa wa yarinyar a ka, suna gudu cikin dawa yana riƙe da shi. Ya san ba zai tare harsashi ba, amma hannunsa ya ƙi saki. Can wata tsohuwa da ke gudu tare da su ta daka masa tsawa, ta ce ya yar da abin nan, rana na haska shi, daga kan dutse ma ana hango su. Ya cilla shi cikin ciyawa.

Matar gidan na tsaye a ƙofa da butar shayi. Wuri ne da mai hankali zai yi jaje ya yi shiru. Ni kuwa na buga cinya.

"Ka gani! Daidai abin da ya faru da kalmar ke nan!"

Abokina ya harare ni ta saman tabarau. Na fara laluben yadda zan janye maganar. Baƙon ya dube ni ya daɗe, sai kafaɗunsa suka soma rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, har da riƙe ciki.

"Malam," ya ce yana share ido, "duk wanda na ba wa labarin nan sai ya ce Allah ya kiyaye gaba. Kai kaɗai ka ji daɗinsa."

Ya matso ya leƙa haruffan surukinsa, ya zaro T ya ɗora a ƙarshen kalmata. Ta faɗa gidan da ake ninka maki sau uku. Na sha kaye, kuma da bakina na nuna musu hanya.

Daga ranar muka zama mu uku. Ba wai ya warke ba ne. Akwai Asabar ɗin da ko ƙofa aka buga da ƙarfi yakan tashi ya shige ciki. Amma yakan dawo ya tarar mun ajiye masa haruffansa a kife.

Da ƙura ta lafa ya koma Mubi da iyalinsa. Yarinyar yanzu tana koyon aikin jinya. Ni na yi ritaya, gwiwa ta hana ni yawan fita, sai muka mayar da wasan cikin waya. Kwanan baya mutumin Mubin nan ya ajiye mini aegis. Nan take na kira shi.

"Ka san asalinta kuwa?"

"Ban sani ba, Malam. Na ga ta shiga ne kawai."

Na gyara zama na faro masa daga Girkawa, da garkuwar babban gunkinsu, da masu cewa daga fatar akuya sunan ya fito. Na kawo har yadda ta koma nufin inuwar wani babba da ake fakewa a ciki. Da na gama na tambaye shi ko ya gane. Shiru. Na duba waya, ashe katina ya ƙare tun muna wajen akuya.