Kawuna da Ruwan Farko

Shekarar da na gaji gonar babanmu a bayan Sandamu, kawuna ya zaunar da ni ya ce, "Kada ka kuskura ka yi shuka da ruwan farko. Mayaudari ne. Gero zai tsiro, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi." Na riƙe maganar kamar karatun allo. Har wa'azinta nake yi wa sa'o'ina, ni da ban taɓa asarar ko zangarniya ba.

Da ruwan farko ya sauka, kowa ya saɓi sungumi, ni kuwa na zauna ina tausaya musu. Damina ta zauna daram. Geronsu ya kai gwiwa, nawa bai gama leƙo kai ba.

Na je wurin kawu in kai kuka, na tarar geronsa ya fi na kowa tsawo.

Na ce, "Kawu, ba kai ka hana ni ba?"

Ya ce, "Ni ne. Amma da ruwan ya sauka na tona ƙasa, na ga danshi ya shiga sosai. Kai me ka tona?"

Na ce, "Ai ba ka gaya mini wannan ba!"

Ya ce, "Ni ma da irina na saye shi."

Bana ɗana ya karɓi gonar. Na hana shi shuka da ruwan farko. Zancen tonon ƙasa kuwa, ai shi ma yana da iri.