Barakatu a Ƙofar Gidan Su Ramla

Bakina ya riga kaina tashi ranar. Na kashe babur a ƙofar gidan Barakatu a Burumburum, ta fito, na ce, "Taubashiya, ina kwana? Yaya yara?"

'Ya ɗaya gare ta, Rufaida, kuma ni na riƙe makararta a makon da ya wuce. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ce, "Lafiya lau," yadda ake amsawa, ta hau bayan babur. "Dangora za ka kai ni, Balarabe."

Barakatu 'yar kawuna ce, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun muna yara nake ce mata baiwata, tana ce mini bawan gidansu. Da ciwon daji na jini ya kama Rufaida, sai ta kife kaskonta ta koma Kano jinya. A ɗakin yara na asibitin ta haɗu da Halima, matar wani manomi daga Dangora, mai jinyar tata 'yar, Ramla. Tabarma ɗaya suke kwana. In ɗaya ta fita neman magani, ɗayar ce uwar yaran biyu.

A hanya ta faɗa mini abin da ya taso ta. Gobe ne ranar da za a mayar da Ramla a ƙara mata ruwan magani. Halima ta haihu, tana jego. Uban kuma, Malam Mujitaba, da ya ji rasuwar Rufaida, ya ce babu mai sake fitar masa da 'ya.

Mun same shi a zaure yana gyaran fartanya. Barakatu ta durƙusa ta gaishe shi. Ya yi mata ta'aziyya da kyau, sannan ya ce, "Na san abin da ya kawo ki, Maman Rufaida. Kada ki fara."

"Baban Ramla, likita ya ce jikinta yana karɓa."

"Ke ma ba haka aka ce miki ba?"

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, in sassauta zance. Ta ɗaga mini yatsa ba tare da ta dube ni ba. Na rufe.

"Ba a ce mini ba," in ji ta. "Ranar da na kai tawa, suka duba ta, suka dubi juna. Taka ba su yi mata wannan kallon ba. Ina wurin."

"Kowace komawa tana dawowa ba gashi, ba ta iya haɗiye koko. In lokaci ne, gara ya same ta a ɗakin uwarta." "Kuma wa zai zauna da ita? Ni? Masara na jiran maimai."

"Ni. Maigidana ya yarda."

"A ɗakin da taki ta…"

"Na san gadon da ba ya kusa da ƙofa. Na san mai allurar da ke samun jijiya."

Daga cikin gida muka ji ƙaramar muryar Ramla: "Inna Barakatu ce? Ta zo da Rufaida?" Ashe ba su gaya mata rasuwar ba.

Malam Mujitaba ya ajiye fartanya.

"Wannan ma ni na kasa," ya ce. "Shiga ki gaya mata. In ta yarda ta bi ki bayan haka, ku hau motar safe."

Ta shiga. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ji kukan. Da ta fito, mayafinta a jiƙe, ta ce yarinyar ta nemi a sa mata silifas ɗinta ja a jaka.

Sai da muka hau titi na iya magana. "Baiwata, ni dai na yi nawa. Na kawo ki, na yi shiru, abin da ban taɓa yi ba."

"Ka yi naka?" ta ce. "Gobe ka ci tuwo ka ƙoshi. A asibiti za su nemi jinin da za a ƙara wa Ramla, kuma kai zan nuna musu."