Bidon Kananzir Da Na Hana Zakariya'u

Ranar Talata, 9 ga Maris 1982, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Zakariya'u makanike a gidansa na unguwar Bukoki, nan Arlit. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malam Zakariya'u, mutane da yawa sun fi ni cancantar rubuta maka ta'aziyya. Ni aka ba alƙalami don ni ne mushen lokol, wato malamin makaranta, mai littattafai. Da sun san abin da muka sani mu biyu, da sun nemi wani.

Ka zo daga garin Tawa bayan ka bar soja, ka buɗe garajin da ba shi da ko ƙofa. Direban da babbar motarsa ta kaya, kamyo, ta mutu a kan hanyar Asamaka, kai yake aika wa. Keken ɗinkin maƙwabciyarmu 'Yargata sau uku ka tashe shi da ƙarfen laima. Ni kuwa ina yi maka tsiya, ina cewa ka gama jami'ar bola. Sai ka yi dariya ka ce jami'arku ba ta korar ɗalibi.

A bazarar 1974 jirgin soja mai saukar ungulu ya sauka bayan kasuwa, tiyon mansa ya fashe, man ya tsiyaye. A ciki akwai Akoli, maginin rijiya, wanda rijiya ta rufta wa a ƙafa, ana gaggawar kai shi Agadas wurin mai tiyata. Motar man jirgi sai bayan kwana tara. Ka yanko tiyo daga wata matacciyar kamyo, ka ɗaure da waya, sannan ka gaya wa matuƙin cewa injin nan zai sha kananzir na fitila idan an tace. Ka cire hularka ta zama abin tace man.

Nan na matso, na karɓi littafin jirgin, na karanta wa jama'a da Faransanci cewa ba a rubuta hula a ciki ba. Na samu dariyar da nake nema. Ka ce, "Mushe, littafin ba a Arlit aka rubuta shi ba." Matuƙin ya yi jinkiri, sai ka ce tare za ku tashi, in zai faɗi ya faɗi da kai.

Ka bi Bukoki gida-gida. Mata suka juye fitilunsu, wata kwalba, wata gwangwani. Da ka iso ƙofata na ce nawa ya ƙare. Alhali bido ne, wato jarka, cike, lita ashirin, a ƙarƙashin gado, na tanada don karatu, kuma kai ka ɗauko mini shi daga tasha shekaranjiyarsa. Ka dube ni ka ce, "Allah Ya hore, Mushe." Ka wuce.

Jirgin ya tashi. Man ya ƙare saura kilomita goma sha biyar a shiga Agadas, aka ƙarasa da Akoli a kan jaki cikin rana. Ya rayu, amma an yanke ƙafar. Ni da nake koyar da lissafi na zauna na auna nisan da lita ashirin za ta kai jirgi. Ban so amsar da na samu ba. Da na kawo maka ita, sai ka ce iska ce ta juya muku, ko ganga na bayar ba za ta kai ba. Shekara takwas ban iya tantance ko gaskiya ka faɗa ko sutura ka yi mini ba.

Kwana tara Bukoki ba fitila, har motar mai ta iso. Ni ma ban kunna tawa ba, don kada a gani. Na zauna cikin duhu a kan lita ashirin, ban karanta ko layi ɗaya ba.

A wurin jana'izarka Akoli ya dogaro sandarsa ya kama hannuna, ya yi mini godiya, kamar yadda yake yi wa duk ɗan Bukoki na wancan lokaci. Ashe ko shi ba ka gaya wa ba. Akoli bai iya karatu ba, don haka gobe zan je in karanta masa wannan takarda da bakina, da Hausa.

Allah Ya jiƙanka, Malam Zakariya'u, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni, Ya haskaka kabarinka. Ga Mina, mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da mutanen Bukoki da na Tawa, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Wanda ya yi masa addu'a, in ya ga dama, ya roƙa mini gafara.